Maki 4 Bisa 20

 

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar jami'a ya fito, ba a rasa uba ɗaya ko biyu da za su tsaya a ƙofar masallaci bayan Isha'i suna kokawa cewa wani malami ya kayar musu da yaro. Maganar kusan iri ɗaya ce: yaron yana da ƙoƙari, tun yana ƙarami bai taɓa faɗuwa ba, malamin ne dai mugu. Mukan saurara mu yi shiru, domin mu ma mun taɓa faɗin haka da bakinmu a zauren gidanmu, kuma saura ƙiris fushi ya kai mu ga abin da da yanzu muna jin kunyarsa. Wannan ne ya sa muka nemi izinin mahaifinmu da na ƙanenmu muka rubuta labarin. Ba za mu ambaci sunan jami'ar ba, balle na malamin, don ba ƙara muka kawo ba.

Gidanmu gidan limanci ne. Mun yi allo mun sauke, mun bi littattafai a gaban Malam tun daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya har Risala, kana aka sa mu madarasa, daga nan muka shiga lise. A ajin ƙarshe muka tsaya, lokacin da idanun Malam suka fara rauni aka rasa mai riƙe masa almajirai. Autanmu ne Allah ya ba rabon wucewa. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 15, ya ci bak a 2016, ya zama na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a. Da ya ce ilimin siyasa zai karanta, sai unguwa ta ɗauki dariya, har wani maƙwabci yana cewa, "Yanzu ƙarya ma sai an je jami'a a koyo ta?" Malam bai yi dariya ba. Ya tuna wa mutane cewa a Larabci asalin kalmar siyasa daga kiwon doki da horar da shi take, shi ya sa ake kiran mai kula da doki sa'is. Wato kula da abin da aka ba ka amana har ya gyaru. Idan mutanen zamani sun mai da ita yaudara, in ji shi, laifin nasu ne. Ya sa albarka. Inna ta sayar da tumakinta biyu, mu kuma muka ɗauki alkawarin jika 20 kowane wata daga ɗan abin da muke samu, saboda burs ba ta zuwa a kan kari, cikin yaro kuwa ba ya jiran baitulmali.

Shekarar farko ta wuce lafiya. A ta biyu, wato 2018, Auta ya faɗa hannun mutumin da tun kafin sabon ɗalibi ya gane hanyar ɗakin cin abinci ake ba shi labarinsa. Ɗalibai suna da laƙabin da suke kiransa da shi, wanda bai dace da shafukan nan ba. Darasinsa shi ne tsare-tsaren mulki da tarihin hukumomin siyasar Nijar. Yana shiga anfi kafin ƙarfe 8, tana bugawa ya sa a rufe ƙofa, ko ɗan wane ne a waje. Ba ya yin shifta, ba ya sayar da takardun darasi. Sai dai ya rubuta sunaye a allo, ga Monteskiyo, ga Maks Weba, ga Moris Duberje, ga kundayen tsarin mulkin ƙasar nan tun daga na 1960, ya ce kowa ya je ya nema. Littafin da ɗaruruwan ɗalibai ke bukata kuwa wani lokaci guda biyu ne kacal a ɗakin karatu, sai a yi karo-karo a kai wa mai fotokofi. Wasu ɗalibai suna cewa yana cikin waɗanda suka yi macin 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka buɗe wuta a gadar Kenedi ta Yamai ɗalibai 3 suka rasu, wai tun daga ranar ba a ƙara ganin haƙoransa ba. Ɗalibi dai ba ya rasa labari a kan wanda yake tsoro.

Auta ya fuskanci darasin da makamin da ya sani, wato hadda. Ya haddace ranaku da sunaye da ayoyin doka kamar yadda ya haddace izu sittin, har abokansa sun daina buɗe littafi, shi suke tambaya. Da jarrabawar tsakiyar zango ta zo, tambayar layi ɗaya ce tak, aka ba su awa 3: rikicin da ya rushe Jamhuriya ta uku, daga rubutun kundin 1992 ya fito, ko daga mutanen da suka yi aiki da shi?

Manyanmu sun ga abin da idanunsu, amma don amfanin ƙanana bari mu ɗan tuna. Bayan Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, an amince da sabon kundi ta zaɓen raba gardama ranar 26 ga Disamba 1992. Kundin ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da faraminista, bisa salon na Faransa na 1958. Mahamman Usman ya ci zaɓe a Maris 1993. A 1994 ƙawancen da ya kawo shi ya tsage, ya rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, ƴan adawa suka sami rinjaye, ya zama tilas ya naɗa Hama Amadu faraminista. Aka shafe kusan shekara ana ja-in-ja a kan wa ke tsara abin da za a tattauna a taron ministoci, wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata, har ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su baki ɗaya.

Duk wannan Auta ya rubuta shi, har da ƙari, shafi 9 cur, babu kwanan wata ɗaya da ya kuskure. Da aka mayar musu da takardu sai ya ga 4 bisa 20. A ƙarƙashin makin, da jan biro, akwai layi guda na Faransanci mai ma'anar: labari ka ba ni, ni kuwa ban tambaye ka labari ba.

Da daren ranar ya kira mu, muryarsa tana rawa. "Yaya, mutumin nan ba ya son mu ne. Duk wanda ya fito daga madarasa ya kayar da shi. A gaban kowa ya ce mu aku ne." Nan take muka gaskata, ba mu tambayi ko nawa ƴan lise zalla suka samu ba (daga baya ne muka ji cewa su ma da yawansu ba su kai 6 ba). Dalilin saurin gaskatawar kuwa tsohon miki ne. Mu ma a lise mun sha raini daga wasu da ke ganin wanda ya fara da allo ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ƙuntata. Da aka fama wurin, sai hankali ya gushe.

Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa, mutumin sahun farko a masallacinmu, mai son Malam tsakani da Allah. Da ya ji labari sai ya ce abin mai sauƙi ne, ya san kawun malamin, sun yi fatauci tare zuwa Kwatano. A kai rago da turmin shadda a matsayin gaisuwa, kawu ya yi magana, shi ke nan. Ya ce ragon ma daga garkensa. Dole mu faɗi gaskiya ko da a kanmu take: shawarar ta kwanta mana. Idan Auta ya faɗi wannan darasi yana iya maimaita shekara, burs ta tsaya, jika 20 ta koma 40, ga tumakin Inna sun riga sun tafi. Har muka kwana muna laluben littattafai, muka tsinci maganar malaman da suka yi rangwame ga wanda ya ba da wani abu don ya karɓo haƙƙinsa daga azzalumi idan babu wata hanya. Ɗan malam idan zai yi ɓarna, da hujjarsa yake zuwa.

Muka kai maganar gaban Malam tare da Alhaji. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma kafin a kira mutum azzalumi, a kawo mini takardar in ji." Auta ya aiko ta hannun wani direba. Bayan Asuba muka zauna a zaure muna karanta Faransancin muna juya wa Malam da Hausa. Tambayar kaɗai sau uku ya sa muka maimaita. Muka bi shafi 9 ɗaya bayan ɗaya, rana har ta fito. Da muka kai ƙarshe sai ya ce, "To, ina amsar?"

Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ita ce muka karanta."

Ya girgiza kai. "Idan mutum ya zo ya ce mini ya manta zaman tahiya na farko, ƙabli zai yi ko ba'adi, ni kuma na karanto masa babin salla tun daga farko har ƙarshe ban kuskure wasali ba, na ba shi fatawa? Zai tashi bai san abin da zai yi ba. Mutumin nan ya tambayi yaro: laifin takarda ne ko na mutane? Yaro bai ce takarda ba, bai ce mutane ba, bai ce duka biyun ba. Huɗun nan ma ladan tawada ne."

Muka bayyana masa yadda ake son a tsara irin wannan rubutu a jami'a: a fara da fayyace kalmomin tambaya, a fito da ainihin matsalar da ke cikinta, kana a raba amsa kashi biyu, kowane kashi da rassa biyu, kowane reshe da hujjarsa. Sai Malam ya yi murmushi ya ce ai wannan ba baƙo ba ne. Malaman usulu suna kiransa tahriru mahallin niza'i, wato ware daidai gurbin da saɓani yake kafin a fara jayayya, sa'an nan a kawo hujjar kowane ɓangare, sa'an nan a rinjayar. Ya ce hadda ƙofar gida ce, an yi ta ne don a shiga. Kuma laifinsa ne da ya bar Auta ya tafi lakol da hadda kaɗai, bai zaunar da shi ya koya masa yadda ake warware mas'ala ba. Ba mu taɓa jin Malam ya ɗora wa kansa laifi a gabanmu ba sai ranar. Maganar rago ta mutu a nan. Amma ya ƙara da cewa, "Zancen aku kuwa, idan ya faɗa, bai kyauta ba. Ka je ka gani da idonka."

Muka yi wuni guda a mota. Washegari muka bi Auta muka zauna can baya a anfi, cikin zafi da cunkoso, wasu a kan matakala, wasu a tsaye jikin taga. Mutumin ya shigo, siriri, da furfura, babu takarda ko ɗaya a hannunsa. Darasin ranar a kan dalilan da ke sa mutane su yarda a mulke su ne. Ya ce Maks Weba ya kasa su uku: gado da al'ada, kwarjinin mutum guda, da kuma doka rubutacciya. Sai ya jefa tambaya: sarkin gargajiyar ƙasar nan, wanda ya fito daga gidan sarauta amma sai hukuma ta sa hannu a takardar naɗinsa, a wane kashi yake? Ya harɗe hannu ya yi shiru. Mun duba agogo, shirun ya kai minti 4, babu mai motsi. Da amsoshi suka fara fitowa, duk wadda aka ba shi sai ya mayar da ita da wata tambayar.

Abin da ya fi girgiza mu ya zo daga baya. Ya ce kada su ɗauka Turawa ne suka fara tunani a kan mulki. Ya ambaci Ibnu Haldun da maganarsa ta asabiyya. Ya ambaci Shehu Magili, wanda ya ratsa ƙasar Abzin kafin ya isa Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin Tajuddini a kan wajiban sarakuna. Ya ambaci Liya'ul Hukkami na Abdullahi ɗan Fodiyo. Sa'an nan ya ce, ƴan madarasa da ke nan, wa ya karanta ɗaya daga cikinsu? Babu hannun da ya ɗaga. Auta ya sunkuyar da kai, mu ma haka, domin littattafan biyu na ƙarshe suna cikin gafakar Malam tun kafin a haife mu.

Sai dai mun ga ɗayan ɓangaren ma. Wata yarinya ta yi ƙarfin hali ta miƙe, amsarta kuwa a ganinmu tana da ma'ana, amma harshenta ya karye a Faransanci. Ya maimaita jimlar tata da irin muryarta, anfi ya fashe da dariya, ta zauna ta ja hijabi ta rufe fuska. Har aka tashi ba ta ƙara ɗaga kai ba. Wannan ba za mu nema masa uzuri ba. Tsanani wajen maki amana ce, amma yarinyar da ta taso a ƙauyen da ba a jin Faransanci sai a cikin aji, ta ratsa shekarun yajin aiki har ta iso nan, ba ta cancanci a mai da ita abin dariya ba. Wanda ya karanta Ta'alimul Muta'allimi ya san nauyin girmama malami, to amma ɗalibi ma yana da mutuncin da Allah ya ba shi.

Bayan darasi muka same shi a ofis, Auta yana bayanmu kamar wanda za a kai wa wanzami. Muka yi sallama muka ce, "Allah ya gafarta Malam." Ya ɗago ya dube mu, ya ce cikin Hausa rabonsa da a kira shi haka an daɗe. Sa'an nan ya ce, "Idan kamun ƙafa ya kawo ku, ga ruwa ku sha ku koma." Muka ce mahaifinmu ya ji takardar, ya ce makin daidai ne, abin da muke nema shi ne a nuna wa yaro inda zai dafa. Ya yi ɗan jim. Ya nuna mana tulin takardu a ƙasa, ya ce sun haura 500, shi kaɗai ke duba su, kuma da zai raba 12 ga kowa da ya huta, da an so shi. "Amma waɗannan su ne alƙalan gobe da masu rubuta dokoki. Wanda ya saba maimaita abin da aka faɗa masa, duk wanda ya hau kujera shi zai maimaita wa." Muka ɗaure muka yi masa maganar yarinyar da ta aku. Fuskarsa ta ɗaure, ya ce shi ma haka aka koyar da shi. Muka ce ba duk abin da aka gada ne sunna ba. Bai amsa ba, bai kuma nemi afuwa ba. Ya juya ga Auta ya ce ya riƙa kawo masa gabatarwa guda kowace Alhamis, rabin shafi, kada ta wuce.

Ƴan uwa, kada ku zaci daga nan komai ya warware. A jarrabawar ƙarshen zango Auta ya sami 6, a zagaye na biyu ya sami 8. Ya maimaita shekara, burs ta tsaya, Inna ta yi kuka, mu kuma muka jinkirta aurenmu da shekara guda. Alhaji bai ce komai ba, amma mun san abin da ke ransa. A hutun nan ne Malam ya zaunar da Auta kullum bayan La'asar suna bin Tajuddini da Liya'ul Hukkami, kuma ya hana shi haddace ko layi ɗaya. Sai ya karanta, Malam ya ce rufe, gaya mini me ake jayayya a kai a nan, kuma da kai ne sarkin da me za ka kare kanka. A 2019 ya sami 12, abin da ɗalibai suka ce a hannun mutumin nan ya isa a yanka kaza.

Abokin ɗakinsa kuwa, ɗan wani manomi, wanda shi ma ya faɗi darasin, ba shi da yayan da zai aika masa jika 40. Ya tattara kayansa ya tafi haƙar zinariya a arewa, bai koma aji ba. Yaro ne mai kaifin basira, mun zauna da shi mun ji. Duk lokacin da muka so mu yabi malamin nan ba tare da togiya ba, sai fuskar wannan yaro da ta yarinyar nan su faɗo mana. Rabin shafin ranar Alhamis da Auta ya samu, ya same shi ne don yana da wanda ya yi wuni a mota ya je ya tambaya. Saura fa? Da ƙungiyarmu za ta dubi irin waɗannan ɗalibai da ɗan tallafi a shekarar da suka yi tuntuɓe, da ya fi musu amfani a kan tsinuwar da ake yi wa malamai a ƙofar masallaci. Haka kuma duk uban da ɗansa ya kira shi yana kukan an kayar da shi, ya fara cewa a kawo takardar. Idan ba ya jin Faransanci, akwai mai ji a unguwa. Wani lokaci zalunci ne na gaske, kuma akwai hanyar ƙorafi da doka ta tanada. Amma a karanta tukuna.

Auta ya kammala karatunsa, yana aiki, ya yi iyali. Kafin ya baro jami'a malamin ya aiko shi da saƙo: yana son a juya masa babin naɗa shugaba da mataimakansa na Liya'ul Hukkami yadda malaman zaure ke fassara shi, domin Larabcinsa bai taka kara ya karya ba. Malam ya yi ta fassarawa da Hausa, muna rubutawa da ɗan Faransancinmu na lise, har muka cika kaye guda muka aika. Bayan wata biyu kayen ya dawo, ja wur da biro. Ya gyara mana kurakurai 31, mun ƙirga su, bai ba da maki ba, Allah ya rufa asiri. A shafin ƙarshe kuma ya rubuta tambayoyi huɗu zuwa ga Malam.

Uku daga ciki Malam ya amsa su a zama ɗaya. Ta huɗu ita ce: idan shugaba ya kauce wa sharuɗɗan da aka naɗa shi a kansu, wa ke da ikon ya ce ya kauce, kuma wa ya naɗa shi wannan mai faɗar? Malam ya sa muka karanta masa sau uku, ya yi shiru mai tsawo, ya ce a ba shi lokaci ya duba Mawardi. Ya ninke takardar ya sa a gafaka, kusa da ta Auta mai maki 4. A ƙarshen Yuli 2023, kwana biyu bayan sojoji sun karɓi mulki, ya aika a kira mu bayan Asuba, ya ce mu ɗauko masa ita mu sake karantawa, kuma a kira masa Auta a waya.